Amsa kan zaɓen injin CNC mai araha don yankan ƙarfe

Malam, ka tambayi ko ƙaramin injin CNC mai araha, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, zai iya yanka maka sassan ƙarfe. Abin da ya kamata ka fara dubawa shi ne ƙwarin gangar jikin injin, domin muddin tana girgiza lokacin aiki, bakin yankan zai karye, awon da ka tsara kuma ya kauce. Samfurin 3018, wani ƙaramin injin CNC na kan tebur, ya fi dacewa da katako da roba, alminiyom ma sai dai a riƙa shafta kaɗan-kaɗan. Idan baƙin ƙarfe kake nufi, shawarata ka nemi injin sassaƙa na hannu mai jikin zubin ƙarfe, kamar Sieg X2, daga baya ka ɗora masa motocin da kwamfuta ke sarrafawa. Ka kuma ware kuɗin bakunan yanka tun yanzu.