Ƙanena, kar ka tsallake wannan kwas ɗin

Salam ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce cikin kwasa-kwasan mastas na hulɗar ƙasa da ƙasa da kake son zuwa yi nan Ingila akwai wani a kan motsin rai a siyasa, tsoro da fushi da jin an wulaƙanta ka, kana tambaya ko asarar kuɗi ne tunda kai diflomasiyya ka sa a gaba. Wallahi ka ɗauke shi, kar ka yi wasa da shi.

Mu dai a gida an koya mana cewa ƙasa ba ta da zuciya, muradinta kawai take bi, to amma tun zamanin Girkawa masanin tarihi Thucydides ya lissafo tsoro da neman girma tare da muradi a cikin abin da ke tura ƙasashe, sai dai malaman fannin sun daɗe suna kau da kai har wajen shekarar 2000 da irin su Neta Crawford suka taso da maganar da gaske.

Mu a ajinmu malamar hoton Alan Kurdi ta saka mana, ƙaramin yaron nan ɗan Siriya da ruwa ya kawo gawarsa gaɓar tekun Turkiyya a Satumban 2015, ta faɗa tun kafin nan cewa duk wanda ba zai iya ba ya fita ba laifi, wata ɗaliba kuwa ta tashi ta fita. Sai ta tambaye mu, an yi shekaru ana mutuwa a tekun nan, me ya sa sai bayan hoton da 'yan kwanaki David Cameron, firaministan Birtaniya na lokacin, ya ce Birtaniya za ta karɓi 'yan Siriya 20,000? Ranar an yi musu sosai.

Kuma kai ka fi Turawan ajin abin faɗa fa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ka ga yadda jama'a suka yi dafifi a Yamai sai sojan Faransa sun fita, lissafin yuraniyom kaɗai ba zai bayyana maka wannan ba, akwai haushin raini da ya daɗe a zuciya.

Abu ɗaya dai, a semina ba a zama shiru irin na lakca, dole ka yi magana, kuma a asaimen ba za su karɓi "ni dai haka nake ji" ba, sai ka kawo jawabin shugaba ko hoto ko taken masu zanga-zanga ka nuna yadda abin ya yi aiki. Ka fara tara su tun yanzu kafin biza ta fito. Gaida su Umma.