Tambayi Bakanike: Hob na zafi, giris na tsiyaya, boris na cinyewa

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kusan duk akan ƙafar tirela suka zo, ina ga damina ce ta tono matsalolin, dan duk motar da ta ratsa ruwan da yake kwanciya a titunan Kano in an yi sama mai ƙarfi sai hob ɗinta, wato cibiyar ƙafa da ake ɗaura taya a jiki, ya nuna. Ga waɗanda na zaɓo.

Tambaya daga wani direban tanka, Hotoro: Salam Oga. Ina ɗauko mai daga kudu zuwa Kano. Tayar baya ta hannun dama, aksul (sandar ƙarfen da tayoyi suke kai) na tsakiya, hob ɗin yana zafi har bana iya ɗora hannu, sauran kuwa ɗumi kawai suke. Kuma bai fi wata 2 da aka sa min sabon boris ba. In mun tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos yaron motata yana watsa masa ruwa ya huce sai mu cigaba. Meye matsalar dan Allah?

Wa alaikumus salam malam direba. Kafin komai dan girman Allah ka hana yaron nan watsa ruwa, kuma kar ka sake yin lodi sai an buɗe ƙafar nan. Kai fa fetur ne a bayanka, in boris, wato ƙarfen nan mai ƴaƴa da hob yake juyawa a kansa, ya ƙafe toh giris ne yake fara cin wuta sannan taya ta ɗauka, ita kuma taya in ta kama wuta ba ƙaramin abin kashe gobara ne zai iya da ita ba. Ruwan da ake watsawa kuma ɓarna biyu yake, durom ɗin birki mai zafi in ya sha ruwan sanyi farat ɗaya yana iya tsagewa, sannan iskar da take cikin hob in ta huce da sauri sai ta tsuke ta zuƙo ruwa da datti ta bakin sil, robar da take tare giris kar ya fita, zuwa cikin giris. Kaga ka sanyaya waje ka lalata ciki kenan.

Toh zafin daga ina yake zuwa, wannan shi za'a fara ganowa, dan ba kullum bane laifin boris. Birki in yana riƙewa baya sakin durom gaba ɗaya shima yana dafa hob. In ka tsaya ka duba da kyau, in durom yafi zafi kuma kana jin ƙaurin lainin, wato fatar birkin da take gogar durom, toh birki ne, a duba sifirin ɗin da yake mayar da takalmin birki da sandar da take buɗe shi ko ta ƙafe dan rashin giris. In kuma tsakiyar hob wajen murfi ne yafi zafi toh boris ne. Akwai ƙaramar na'urar auna zafi mai kamar bindiga wadda ake haskawa daga nesa, ka nemi ta masu aikin inji ba ta asibiti ba dan ta asibiti iya zafin jikin mutum take karantawa. Ka auna hob ɗin duka ka kwatanta, wanda ya yiwa ƴan uwansa nisa shine mara lafiya.

Amma tunda kace boris ɗin sabo ne, ni zargina yafi tafiya kan ɗaurin noti, kuma nan ne nake so direbobi da masu mota su buɗe kunne dan yawancin boris ɗin da ake zubarwa a garejinmu ba tsufa ne ya kashe su ba, ɗauri ne. A cikin hob boris biyu ne, babba a ciki ƙarami a waje, duka masu ƴaƴa dogaye masu tsini gefe ɗaya da suke gudu a cikin kofi, noti ɗaya ne yake matse su su biyun. In aka matse ya wuce ƙa'ida giris baya samun hanyar shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sai zafi. In aka barshi sako-sako taya ta dinga lilo tana dukan boris tana cin sil. Wasan da ake so a bari kaɗan ne ƙwarai, daga milimita 0.025 zuwa 0.127 a tsarin da ƙungiyar masu gyaran manyan motoci ta Amurka ta fitar, wato kusan kaurin silin gashi ɗaya. Yanzu ka faɗa min ta yaya mai ɗaure noti da kurfi da guduma zai samu wannan lissafin? Ai ba zai yiwu ba, sai dai sa'a.

Yadda ake yi, ana ɗaurewa ne da sifana mai awo ana juya tayar a lokaci ɗaya dan ƴaƴan boris su zauna daidai a kofinsu. A aksul ɗin BPW na Jamus da yake da yawa a tirelolinmu, irin mai noti na gargajiya, ana kaiwa Nm 150 (Nm shine awon ƙarfin ɗauri a jikin sifanar) ana juyawa sannan a dawo baya kaɗan zuwa ramin fin mafi kusa a kulle. A aksul mai tsarin Amurka kuwa ana fara matsewa zuwa wajen Nm 270, a kwance zagaye ɗaya cif, a sake ɗaurewa zuwa wajen Nm 68, sannan a dawo baya kwata ko rabin zagaye gwargwadon zaren notin. Kowane aksul da nasa lissafin, akwai ma sababbin da notinsu da kansa yake zamewa in ya kai awo, dan haka a duba farantin da yake jikin aksul ɗin a san wane iri ne kafin a taɓa. In an gama a juya taya da hannu, ta juya sumul ba gurnani, a sa ƙarfe a ƙarƙashinta a ɗaga aji ko tana ƙwanƙwasa. Wannan boris ɗin naka kuwa in an buɗe anga ya canza kala zuwa shuɗi ko ruwan ƙasa mai duhu toh ya riga ya ƙone, kar a mayar dashi ko da yana juyawa.

Tambaya daga wata Hajiya mai tireloli, Dawanau: Malam barka da aiki. Motocina hatsi suke ɗauka. Akwai ɗaya da giris yake ta fitowa ta bayan taya yana ɓata wili, sau 2 ana canza sil amma ko sati 3 baya yi yake dawowa. Bakanikena ne yake cutata ko yaya?

Hajiya barka dai, Allah ya ƙara buɗi. Ba zan yi saurin cewa cuta bace, nafi zaton yana canza sil ne ba tare da ya duba abinda yake kashe sil ɗin ba. Kice masa in ya sake buɗewa ya goge wuyan aksul tas daidai inda leɓen sil yake zama ya bi da farce. Shekara da shekaru roba tana gogar wajen da ƙura a tsakani, sai ta haƙa siririn layi a jikin ƙarfen, toh in layin nan yana nan ko sil ɗin kamfani aka sa sai ya yi yoyo. Wasu aksul ɗin suna da zobe a wajen wanda ake cirewa a sa sabo, wasu kuma sai an saka musu siririyar riga ta ƙarfe da aka yi dan wannan gyaran.

In wajen lafiya lau ne sai a koma kan yadda ake sawa. Na sha ganin yara suna buga sil da guduma kai tsaye gefe-gefe, ya shiga a karkace ko jikinsa ya lotsa, alhali kamata yayi a ɗora masa wani abu mai faɗi daidai girmansa a buga a tsakiya ya shiga a miƙe. Leɓen da yake da ɗan sifirin shi yake kallon ciki wajen giris, in an juya shi aiki ya ɓaci tun kafin mota ta tashi. Sannan lokacin mayar da hob, abu ne mai nauyi, in aka ja shi akan zaren aksul sai zaren ya yanki leɓen sil ba wanda ya gani. Ga kuma wasan boris da nayi bayani a sama, taya mai lilo ba sil ɗin da zai riƙe ta.

Abinda yafi damuna a saƙonki ba wilin da yake ɓaci bane Hajiya, birki ne. Giris ɗin da ya fito ta bayan hob cikin durom yake fara zuba, kuma lainin in ya sha maiƙo ya gama aiki, wankewa da fetur ko babbaka shi da wuta da wasu suke yi baya fitar da abinda ya shige ciki. A canza shi, kuma a canza na ɗaya gefen aksul ɗin tare dan birki ya kama daidai. Mota ɗauke da buhunan masara tana gangara ace ƙafa ɗaya bata da birki, rayukan mutane ne a gaba. Sannan kiyi haƙuri in faɗa, ki dinga bibiyar yawan buhun da ake ɗorawa, dan aksul mai tan 12 in ana ɗora masa abinda yafi ƙarfinsa boris da sil ɗinsa basa daɗewa komai kyan aikin bakanike.

Tambaya daga wani yaro mai koyon aiki, Ƙofar Ruwa: Baba ina wuni. Ogana yace a dinga cika hob da giris taf har murfi wai yafi daɗewa. Kuma in jan giris ya ƙare muna ƙarasawa da ruwan ɗorawa. Hakan daidai ne?

Lafiya lau yarona, Allah yayi maka albarka da ka tambaya. Ogan ka niyyarsa mai kyau ce, kuma in zaka yi masa maganar ka yi cikin ladabi ku biyu ba a gaban kwastoma ba. Amma cika hob taf kuskure ne. Giris in ya cika ba wajen motsi sai boris ya dinga tuƙa shi, tuƙin nan yana kawo zafi, zafi ya kumbura shi ya tura sil waje. Inda ake buƙatar giris shine cikin boris ɗin kansa. Ka ɗebo a tafin hannunka ka dinga danna bakin boris mai faɗi a kai kana zagayawa har sai kaga giris ya ɓullo ta ɗaya bakin tsakanin kowane ɗa, sannan ka shafe kofi, ka sa madaidaici a cikin hob, ka ɗan shafawa leɓen sil. Aikin yana cin lokaci kuma hannu yana gajiya, amma shine aikin.

Maganar kala kuma, kala rini ce kawai kamfani yake sawa, bata nuna komai. Abinda zaka karanta a jikin bokiti shine da me aka haɗa shi. Na ƙafar tirela ana son mai litiyam kwamples mai kauri lamba 2, shi yana jure zafi har sama da digiri 250 kafin ya narke. Akwai mai arha na kalsiyam da ake bugawa a fin da sifirin, wannan tun wajen digiri 100 yake zama ruwa, in ka sa shi a hob ɗin motar da zata yi Legas zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita 1,000 ana taka birki, kafin a iso ya tsiyaye. Haɗa iri biyu daban kuma yana iya sa su tsinke ko su daskare, dan haka in za'a canza iri a wanke tsohon gaba ɗaya.

Wajen wanki kayi amfani da kalanzir ko gas, ka bari ya bushe, kuma kar ka hura masa iskar kwamfiresa yana juyawa a bushe kamar yadda yara suke yi dan jin ƙararsa, yana lalata shi kuma yana iya tarwatsewa a fuskarka. Kar ka ajiye shi a ƙasa, ka shimfiɗa kwali ko tsumma mai tsafta, musamman lokacin hunturu da ƙura take sauka akan komai, ƙwayar yashi kaɗan ta isa ta fara cin kofi. In ka buɗe hob kaga giris yayi fari-fari kamar an dama toh ruwa ya shiga, ka duba tsatsa da ƙananan ramuka a jikin ƴaƴan. Kuma boris da kofinsa tare ake canza su, sabon boris akan tsohon kofi asarar kuɗin mai mota ne.

Tambaya daga wani mai mota, Na'ibawa: Yaya zan gane boris na jabu? Kuma ɗan Beljiyam ya fi sabo mai arha?

Alhaji da ido kaɗai yana da wuya yanzu dan masu jabu sun iya kwali da tambari. Ka fara da lamba, tana rubuce a gefen boris, misali aksul ɗin BPW mai tan 12 yawanci 33118 ne a ciki 33213 a waje, ka tafi da tsohon a hannu a gwada. Sunayen da aka sani sune SKF na Suwidin, Timken na Amurka, FAG na Jamus, sai NSK da NTN da Koyo na Japan, kuma sune aka fi kwaikwaya. In farashi ya faɗi ƙasa da rabin na dila toh ka tsaya kayi tunani. SKF suna da manhajar waya mai suna SKF Authenticate da zaka ɗauki hoton boris da kwalinsa ka tura musu su duba maka. Ɗan Beljiyam kuwa ni bana bada shawararsa a ƙafar tirela tunda baka san nisan da ya riga ya ci ba, in dole ta sa a wanke shi tas a duba shi a rana, ya zo da kofinsa na asali. Sil dai ko yaya ake ciki sabo za'a saka duk lokacin da aka cire hob.

Ka kuma gayawa direbanka duk ranar da aka kwance taya, in yayi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ya tsaya a sake bin notocin wili da sifana, ya taɓa murfin hob yaji ɗuminsa kafin ya cigaba.

Sauran tambayoyin da suka shafi tayar da take cinyewa gefe ɗaya sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.