Aikin jinya a Grise Fiord, zai yiwu?

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka tayin aikin jinya a Grise Fiord, kana tambaya ko wurin zai zaunu. Zai zaunu, amma sai da shiri.

Ƙauyen Inuit ne, wato 'yan asalin yankin, a tsibirin Ellesmere, can ƙuryar arewacin Kanada, mutanensa ba su kai 200 ba. Babu hanyar mota, sai ƙaramin jirgin sama daga garin Resolute. Jirgin ruwan kaya sau ɗaya yake zuwa a shekara, shi ya sa abinci ke da ɗan karen tsada. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu rana ba ta fitowa sam.

Rigar sanyin hunturunmu ba ta komai a can. Kada ka fita bayan gari ba tare da ɗan gari ba, akwai fararen beyar, manyan namun daji masu haɗari. Lokutan salla da azumi kuwa, tuntuɓi malami tun kafin ka tashi.