Amsa ga 'yar'uwar da ke tambaya kan makarantar zane ta LaGuardia

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na ga tambayarki cewa 'yarki tana aji bakwai, malamar zanensu ta ce ku gwada nema mata LaGuardia, sakandaren fasaha ta birnin Niyok, ke ranki ya kwanta amma babanta yana ɗari-ɗari. Yana tambayar me za ta ci da zane in ta gama, ga kuma maganar zana abu mai rai. 'Yata ta biyu can ta yi sakandare, ɓangaren zane, kullum daga nan Bronx take tafiya, saboda haka bari in gaya miki abin da na gani.

Makarantar gwamnati ce, ba a biyan ko sisi. Tana Manhattan, a kan titin Amsterdam, bayan Lincoln Center, babbar cibiyar kiɗa da wasanni. Asalinta makarantu biyu ne. Ta kiɗa da zane magajin garin Niyok Fiorello LaGuardia ne ya kafa ta a 1936, daga baya aka haɗe ta da ta wasan kwaikwayo da rawa, suka koma gini ɗaya a 1984. Tana cikin makarantu 9 na musamman da birnin ke da su, amma ita kaɗai ce ba a shiga da SHSAT, jarrabawar da ake yi don shiga sauran. Ita aikin hannun yaro ake dubawa, a haɗa da makinsa na aji. To ki lura da wannan, domin makin aji bakwai, wato ajin da 'yarki take ciki yanzu, yana cikin abin da za a duba. Kada ta saki lissafi da Turanci ta ce ai ita zane za ta yi.

Abin da na fi so ki gane shi ne irin zanen da suke nema, domin nan ne iyaye da yara suka fi ruɗewa. Yaranmu da yawa sun iya kwafar hoto daga waya, musamman katun ɗin Japan masu manyan idanu. Za ki ga zanen ya fito tsaf, 'yan uwa suna ta sa albarka. Malaman can ba wannan ne ya dame su ba. Suna so su ga ko yarinya ta iya zama gaban abu na gaske, ta kalle shi, ta sauke shi a takarda yadda yake, ba yadda take zaton yake ba. A lokacin da tawa ke shiri, malamarta ta sa ta ajiye buta da albasa biyu da ƙaramin kwanon silba a kan teburin kicin, kusa da taga. Sai ta miƙe hannu da fensir, ta rufe ido ɗaya, tana auna tsawon butar da babban yatsa, tana gwada shi da faɗin kwanon. Zanen farko bakin butar ya karkace, albasar kamar tana shawagi domin babu inuwa a ƙarƙashinta. Malamar ba ta ce ta gyara butar ba, ta ce ta kalli sararin da ke tsakanin buta da kwano, ta zana siffar wannan sararin. Da ta yi haka sai kowane abu ya zauna a mazauninsa. Sai da muka haƙura da rabin teburin nan har ta gama, kuma albasar da aka zana ba ta shiga miya ba.

Irin wannan aikin ne zai cika fotfoliyonta, wato tarin zanen da za ta miƙa wajen neman shiga. A 'yan shekarun nan ta MySchools, shafin neman makaranta na hukumar ilimi ta birni, ake tura hotunan aikin, kuma abin da aka saba nema shi ne zanen fuskarta da fensir tana kallon madubi, zanen wasu kayayyaki da ta jera a gabanta, zanen mutum gaba ɗayansa, sannan wasu ayyukan da ita ta zaɓa. Ka'idar tana iya canjawa daga shekara zuwa shekara, don haka ki karanta ta shekararku da kanki, ki kuma je wurin mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu. Ana buɗe neman ne a farkon aji takwas, a rufe wajen watan Disamba. Kin ga hutun bazara mai zuwa shi ne lokacin aiki. In tana sa hijabi ta zana kanta da hijabinta. Tawa haka ta yi, kuma ninkin yadin a gefen wuya, inda haske ke faɗawa da inda yake ɓuya, shi ne ya fi ko'ina kyau a zanen.

Ba sai kun biya malami mai tsada ba. Hukumar ilimi ta birni tana da horon kyauta na mako biyu a lokacin bazara, tare da Lincoln Center, domin yaran da za su shiga aji takwas daga makarantun unguwannin masu ƙaramin ƙarfi. Ki tambayi malamar zanen tun yanzu, kada lokacin cike takarda ya wuce ku. Gidan tarihi na Met kuwa, mazaunin jihar Niyok abin da ya samu yake biya a ƙofa. Ki kai ta da littafin zanenta ta zauna ta yi ta zana. Gidan adana zane na Bronx da ke Grand Concourse shiga kyauta ce.

Kada kuma ku rataya rai a makaranta ɗaya. Dubban yara ke nema kowace shekara, waɗanda ake ɗauka kaɗan ne, yara masu hannu sosai suna rasawa. Akwai Art and Design a Manhattan, wadda ta yi suna a zanen katun da zanen tufafi da na gine-gine, can shahararren mai zanen tufafi Calvin Klein ya yi karatu. Akwai Frank Sinatra a Astoria da mawaƙi Tony Bennett ya kafa a 2001, akwai Fashion Industries, ga Fordham ta fasaha nan Bronx kusa da gida. Neman LaGuardia dabam yake da jerin sauran makarantun, yarinya tana iya samun gurbi nan da can, sannan ku zauna ku zaɓa.

In Allah ya sa ta samu, ki shirya wa nauyi biyu. Duk darasin da ake yi a kowace sakandare za ta yi, da jarrabawar Regents ta jiha da komai, sannan a ɗora mata darussan zane kullum a kai. Shekarar farko kusan duk tushe ne: fensir, gawayi, haske da inuwa, yadda abu ke ƙanƙancewa in ya yi nisa, haɗa launi. Sai gaba a shiga fenti da tarihin zane, daga nan ta fara zaɓar abin da ranta ke so, ko ginin yumɓu, ko ɗaukar hoto, ko buga zane, ko sassaƙa. Tawa tana fita da sassafe ta kama jirgin ƙasa, a watan Disamba kuwa rana na faɗuwa wajen huɗu da rabi, sai ta shigo gida da duhu, gefen hannunta baƙi ƙirin da gawayi, ga aikin gida na lissafi yana jiranta, ga zanen da za ta miƙa. Dole na rage mata wanke-wanke da renon ƙannenta a ranakun makaranta, muka mayar da Islamiyyarta Asabar da Lahadi. Wannan shawara ce da ke da babanta za ku yanke tun kafin ta fara, domin yarinyar da aka bar wa girkin dare kullum ba za ta iya ɗaukar wannan karatun ba. Maganar azahar da la'asar a lokacin sanyi ma ku tattauna da ita, ta nemi inda za ta riƙa yi. Sallah ƙarama da babba dai makarantun gwamnatin birnin nan suna ba da hutu tun shekarar karatu ta 2015.

Akwai wani abu da suke yi wanda ya yi mata wuya da fari, amma ni a ganina shi ya fi komai amfanar ta. Ana kafe aikin kowa a bango, ɗalibai su zauna, a bi ɗaya bayan ɗaya ana faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba, mai aikin kuma ta tashi ta yi bayanin dalilinta. Mu mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata da sunkuyar da kai gaban manya, kuma ba na nadamar hakan. Amma a nan ta koyi tsayawa ta kare aikinta da ladabi, ta ji gyara ba tare da ta ɗauke shi cin fuska ba. Yarinyar da a da ita ce gwanar zane a ajinsu ta tarar da kanta cikin ɗaki cike da gwanaye. Watannin farko za ta buƙaci ki riƙa ƙarfafa mata gwiwa.

Batun zana mai rai, ba zan rufe ki ba: ba za a yi wannan karatun ba tare da zana mutum ba, tun daga fotfoliyo. A darasin tarihin zane kuma za ta ga gumakan Girka da zane-zanen Italiya waɗanda wasunsu babu tufafi. Damuwar babanta tana kan hanya, kada ki yi masa kallon mai hana ruwa gudu. Ni ba malama ba ce, ba zan ba ki fatawa ba. Mu abin da muka yi, mun je wurin malamin da muka yarda da iliminsa, muka yi masa bayanin abin yadda yake, muka ji bambancin da malamai suka yi tsakanin gunki mai jiki da zane a takarda, da na koyo da na girmamawa, sannan muka yanke wa kanmu iyaka muka gaya wa yarinyar. Ku ma ku yi hakan, ku biyu tare, kafin ta sa rai. In kun je Met ki hau da su ɓangaren fasahar ƙasashen Musulmi, babanta ya ga rubutun Alƙur'ani na hannu da mihrabin tayil da kafet, ya san cewa wannan fannin namu ne tun fil azal. Da 'yata ta kai matakin zaɓar aikin kanta, zanen ƙofofin gidajen ƙasa da dagi da aikin wuyan babbar riga ta fi karkata a kai.

Abin da za ta ci kuwa, tambaya ce ta uba nagari. Takardar da za ta fito da ita cikakkiyar takardar sakandare ce, ba ta rufe mata ƙofar likitanci ko lauya ba, kuma cikin 'yan ajin tawa akwai waɗanda suka bar zane suka kama wani fannin a jami'a. Waɗanda suka ci gaba, ba duka ke zaman sayar da hoton bango ba. Akwai tsara gine-gine, zanen tufafi, tsara manhajar waya, zanen littattafan yara, koyarwa. Tambarin nan na Niyok mai jar zuciya da kike gani a jikin riguna da kofuna, Milton Glaser ne ya zana shi, kuma tsohuwar makarantar kiɗa da zanen ya yi. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne kuɗin jami'a. Irin su Pratt da Parsons masu zaman kansu ne, suna da tsada ƙwarai in babu tallafi. FIT ta gwamnatin jiha ce, ga kuma kwalejojin CUNY, jami'ar birni, sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kada ku yarda yarinya ta ci bashin da ya fi ƙarfinta.

Makarantun nan suna buɗe ƙofa ga iyaye a farkon shekarar karatu. Ki roƙi babanta ya je da ƙafarsa, ya ga ayyukan ɗalibai a bango, ya yi wa malaman duk tambayar da ke ransa, har da ta yadda ake darasin zana mutum. Kafin nan ki saya mata littafin zane da fensir mai laushi da mai tauri, ta riƙa zana abu ɗaya na cikin gida kullum tana sa kwanan wata. In ta tara, ki yi min magana ta akwatin sirri, tawa za ta duba mata in ta zo hutu. Allah ya yi musu albarka, ya zaɓa mata mafi alheri.