Albashi na shigowa bashi na lamushewa: ta ina zan fara?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a cikin garin Katsina, ina zaune a gidanmu na gado wajen Ƙofar Marusa, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Albashina naira 120,000 ne. Ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata tana cire 20,000 duk wata, saura wata 12. Na kwashi adashe, saura zubi huɗu na 10,000. Na ci bashin 40,000 a manhajar waya, yau wata biyar ina biyan 12,000 don a ɗaga mini, uwar kuɗin tana nan. Mai shagon unguwarmu yana bi na 58,000, kuma littafin yana ƙaruwa da kamar 6,000 duk wata. Mai taki yana bi na 60,000, yayan matata 150,000. Abin da na mallaka shi ne babur, tumaki biyu da nake kiwo saboda layya, sai gonar gado. Wallahi na gaji, har waya nake tsoron ɗauka. Wani ya ce in ci babban rance a banki in biya kowa in huta. Mene ne shawararku?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yaye. Idan aka haɗa abin da ka lissafa, ana bin ka naira 588,000. Kuɗi ne masu yawa ga mai albashi irin naka, amma ba duka suke cin ka iri ɗaya ba. Biyar daga cikin basussukan nan shida babu ruwan da ke hawa kansu: abin da ka ci, shi za ka biya. Ɗaya ne kawai yake haihuwa, wato na manhaja, kuma yana cikin mafi ƙanƙanta.

Dubi na manhajar nan da kyau. An ba ka 40,000, ka riga ka biya 60,000 a wata biyar, kuma har gobe 40,000 ake bin ka. Naira 12,000 a kan 40,000 kashi 30 cikin ɗari ke nan a wata, wato kashi 360 a shekara. Idan ka ci gaba a haka har shekara ta zagayo, za ka ba su 144,000 ba tare da ka taɓa uwar kuɗin ba. Ba sai mun yi maka wa'azin riba ba, ka san hukuncinta. Lissafin kaɗai ya isa. Don haka wannan ramin za a fara toshewa, kuma a toshe shi gaba ɗaya, a rana ɗaya, da naira 52,000. Biyan rabi ba ya aiki, domin ruwan zai ci gaba da hawa kan ragowar.

Ina za ka samu 52,000? A garke. Ka kai tunkiya ɗaya kasuwa, Charanchi ko duk wadda ta fi maka sauƙi, kafin ranar da wa'adin manhajar zai cika. Mun san abin da zuciya za ta ce: layya fa? A mazhabar Malikiyya layya sunna ce mai ƙarfi ga wanda ba ya bukatar kuɗin dabbar don larurarsa, kuma mutumin da riba ke cin kashi goma na albashinsa duk wata yana bukatarsu. Ka tambayi malamin da ka amince da shi. Babur kuwa kada ka taɓa shi, shi ne ƙafarka zuwa makaranta da gona. Idan ka sayar, kuɗin Keke Napep zai cinye abin da ka samu. Kayan ɗakin uwargida da ɗan kunnenta nata ne, ba naka ba. In ta ba ka da daɗin rai, to rance ne, a rubuta.

Ranar da ka biya, ka ɗauki hoton shaidar biyan da hoton shafin da ya nuna ba a bin ka komai, ka tura wa kanka a WhatsApp, sannan ka goge manhajar. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin da zarar ka biya za su turo maka saƙo cewa yanzu ka cancanci 80,000. Idan kuma suna kiran mutanen da ke cikin wayarka suna ci maka mutunci, wannan ya saɓa ƙa'ida. Tun ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance leƙa lambobin waya da hotunan mutane, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi a kan irin wannan. Ka ajiye hotunan saƙonnin.

Yanzu shawarar babban rance. Ba mu goyi bayanta ba, ga dalili. Kana so ka ɗauki basussukan da ba su da ruwa, irin na surukinka da na mai shago, ka mayar da su bashi mai ruwa. Kuma masu ba ma'aikata rance da yawa suna lissafa ruwansu a kan jimillar kuɗin farko, ba a kan abin da ya rage ba. A ce an ba ka 300,000 a kan kashi 3 cikin ɗari duk wata na shekara ɗaya: 9,000 sau 12, ruwa 108,000 ke nan. A wata na goma sha ɗaya, lokacin da abin da ya rage a kanka bai wuce 50,000 ba, har yanzu ruwan 300,000 kake biya. Idan aka daidaita, ainihin ruwan ya kusa ninka abin da aka faɗa maka. Ga kuɗin fom da na inshora da ake zarewa tun kafin kuɗin su shigo. Sannan tun 1 ga Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ya ba banki damar kwasar kuɗinsa daga kowane asusu da ke ɗauke da lambar BVN ɗinka idan ka gaza biya. Surukinka zai iya yi maka haƙuri idan yaro ya kwanta asibiti. Kwamfutar banki ba ta san haƙuri ba.

Haka nan dabarar da ta yi yawa a tsakanin ma'aikata, ta karɓar babur ko buhunan shinkafa bashi a tsada a sayar nan take a araha don a samu tsabar kuɗi. Ka karɓi kayan 200,000 ka sayar 150,000, ka yi asarar 50,000 tsakanin azahar da la'asar. An gudu ba a tsira ba.

To, manhaja ta tafi, 12,000 sun dawo hannunka duk wata. Kafin a raba su, akwai wata ɓaraka: 6,000 ɗin da ke ƙaruwa a littafin mai shago. Wannan yana nufin gidanka yana cin 84,000 alhali 78,000 ne ke hannu. Idan ba a rufe wannan giɓin ba, duk tsarin da za mu zana zai rushe. Ka yi mako biyu kana rubuta duk abin da ya fita daga aljihunka, har naira ɗari ta mai shayi. Galibi a wurare uku ake samun kuɗin: katin waya da data, gudummawar biki da suna, da sayen ƙwaya-ƙwaya. Na ukun ya fi ciwo. Mai sayen gwangwanin shinkafa da man ƙulli da sikarin hamsin kullum yana biyan tsada fiye da wanda ya je Babbar Kasuwa ranar albashi ya auno tiya-tiya, ya sayi mai a kwalba, omo da sabulu na wata. Kuɗin cefane kuma a raba su gida biyar, ba huɗu ba, a ƙulle kowanne daban a hannun uwargida, domin tsakanin albashi da albashi yakan zarce kwana 28, kuma a waɗannan kwanakin na ƙarshe ake aika yaro shago da “a rubuta”. In giɓin ya ƙi rufuwa da tsimi, kai malami ne: yara uku ko huɗu na darasin yamma sun isa su cike shi.

Ka je wurin mai shago da kanka, ba aike ba, a lokacin da babu mutane. Ku buɗe littafin, ku haɗa lissafi, a ja layi a ƙarƙashin 58,000, ku sa hannu. Ka ce masa daga yau abin da za ka saya kuɗi hannu ne, tsohon kuma 5,000 duk ranar albashi. Kada ka ƙaurace wa shagonsa ka koma saye a wani wuri da tsabar kuɗi, wannan shi ne abin da ya fi ɓata wa 'yan kasuwa rai, kuma a unguwa ɗaya kuke, zai gani.

Ga yadda rabon zai tafi. Daga wata na 1 zuwa na 4: mai shago 5,000, mai taki 5,000, sai 2,000 a asusun ko-ta-kwana. A ƙarshen wata na huɗu mai shago saura 38,000, mai taki saura 40,000, adashe kuma ya ƙare. Dubu goman adashen ba taka ba ce tukuna, ta hau kan na baya: kowannensu ya koma karɓar 10,000. A wata na 8 duka biyun sun fita. Daga wata na 9 zuwa na 12 sai 20,000 ɗin ta koma kan yayan matarka, ya samu 80,000. A nan cirar ƙungiya ta ƙare, abin biya ya zama 40,000 a wata, ragowar nasa ta ƙare a wata na 14. Ka lura ba a ƙara maka ko kwabo a albashi ba a duk lissafin nan. Kuɗin da ke fita ne kawai ake juya musu hanya duk lokacin da wata ƙofa ta rufu.

Wata 14 a takarda ke nan. A zahiri ka sa ran 17 ko 18, saboda azumi da Sallah biyu suna cikin wannan zangon, ga zazzaɓin damina. Gara ka san haka tun yanzu da ka ga an zarce ka ce tsarin ya lalace. Dubu biyun ko-ta-kwana kuwa, kada ka raina ta. A wata shida ta zama 12,000, kuɗin allurar zazzaɓi da gyaran babur, irin larurar da ke mayar da mutum manhaja da tsakar dare.

Wata magana a kan mai taki. Zai so ka biya shi da hatsi da kaka, ko ka sayar ka kawo masa. Da kaka hatsi ya fi araha, kowa na fitarwa. Magidancin da ya sayar da geronsa a lokacin yakan dawo ya sayi irinsa da tsada kafin sabon amfani ya iso, kuma bashi. In dole sai an sayar da wani abu daga gona, a fitar da wake ko gyaɗa, a bar gero da dawa a rumbu. Shi ya sa muka sa shi cikin masu karɓar kuɗi duk wata tun daga farko, don ya ga alamar biya ya daina jiran kaka.

Yayan matarka shi ne na ƙarshe a layi, amma shi ne na farko da za ka je wa. Bashin dangi ba ruwa yake tarawa ba, ɓacin rai yake tarawa, kuma matarka ce a tsakiya. Abin da ke ɓata zumunci shi ne shiru da kauce wa haɗuwa a wurin ɗaurin aure. Ka same shi a gida ka ce: Yaya, kuɗinka suna raina, ga takardar abin da ake bi na, naka zai fara a wata kaza ya ƙare a wata kaza. Ku rubuta da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma aya ta 280 ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Kada kuma ka ji kunyar cewa wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba a matsayin masu cin zakka. In akwai mai fitarwa a dangi ko a unguwa, bari limaminku ya san halin da kake ciki.

Game da gajiyar da ka ambata: yawancinta ba daga yawan kuɗin take ba, daga rashin ganin ƙarshensu take. Mutum shida suna jan ka, kowa ka ba shi ɗan abu, babu wanda ya tafi. Ka samu takarda ɗaya ka rubuta sunaye shidan da adadinsu, ka liƙa a cikin murfin akwati inda kai da uwargida kaɗai kuke gani. A makon farko za ka soke ɗaya. A wata na huɗu ka soke na biyu, a na takwas ka soke biyu a tare. Duk ranar albashi ku zauna ku biyu ku rage lambobin da biro. Matar da ta san lissafi ita ce za ta ce a bar ankon bikin nan; wadda aka ɓoye wa kuwa gani take rowa ce. Kuma kada a ƙuntata wa gida har a rasa abin marmari: ɗan naman miya ranar Juma'a ya zauna a cikin kasafi, domin tsimin da ya yi tsanani wata biyu yake yi ya fashe. Idan wani wata ya zo da abin da ya fi ƙarfinka, kira masu bin ka kafin ranar biya, ba bayanta ba, ka ba su rabin abin da aka saba, wata mai zuwa a ci gaba daga inda aka tsaya.

Masu cewa kawo 20,000 ka karɓi 40,000 za su neme ka a daidai wannan lokacin, haka ma cacar ƙwallo ta waya. Ka tuna da irin waɗannan masu alkawarin ninka kuɗi: MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025.

Sai abu ɗaya da za ka shirya masa tun yanzu. Wajen wata na 11 ko na 12, da cirar ƙungiya ta zo ƙarshe, za a sanar da kai cewa ka cancanci sabon rance, wataƙila ma mafi girma, kuma a lokacin za ka ji kamar ka samu sarari. Kada ka cike fom ɗin. Dubu ashirin ɗin nan ta yayan matarka ce har wata biyu, bayan nan kuma ita ce kuɗin takin damina mai zuwa, a saya da tsabar kuɗi tun rani kafin ya yi tsada.