Amsoshin Tambayoyinku: Wane Littafi Zan Saya wa Mai Takaba?

Saƙonni huɗu na ware a wannan makon. Masu su ba su san juna ba, amma abu ɗaya suke nema: labarin soyayya da imani a lokacin da mutuwa ta leƙo gida. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Anti, mahaifinmu ya rasu sati uku da suka wuce, Mama tana takaba. Tsohuwar malamar makaranta ce, tana karatu da Hausa da Turanci. Yanzu baƙi sun ja baya, daga isha'i sai ta zauna shiru har tsakar dare. Ina so in saya mata littafin labari, amma ina tsoron in fama mata ciwo. Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashi. 'Yata, kin lura da abin da mutane da yawa ba sa lura da shi. A kwanakin farko gida cike yake, masu gaisuwa na shiga suna fita, mai rashi ba ta ma samun sararin jin zafin. Sai an yi sadakar bakwai, dangin nesa sun koma, an naɗe tabarmi, sannan kaɗaici ke shigowa ya zauna. Takaba kuwa wata huɗu ce da kwana goma, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 234. Darare ne masu yawa.

Kada ki yi gaggawa. A sati uku, Alƙur'aninta da carbinta da zamanki kusa da ita sun fi kowane littafi. Ki bari a wuce arba'in. Bayan nan, abin da zan fara sa mata a hannu shi ne littafin Mariama Bâ, 'yar ƙasar Senegal, wanda ya fito da Faransanci a 1979, aka fassara shi da Turanci da sunan So Long a Letter. Shi ya fara cin kyautar littattafan Afirka mai suna Noma Award a 1980, marubuciyar kuma ta rasu a 1981. Dalilina shi ne, mai ba da labarin ita ma takaba take yi. Ramatoulaye, wato Ramatu a bakinmu, malamar makaranta ce mai 'ya'ya goma sha biyu. Tana zaune a ɗaki tana rubuta wa aminiyarta A'ishatu doguwar wasiƙa a kan mijinta da ya rasu, da dangin miji da suka cika gida, da ƙaunar da ta ƙi fita daga zuciya duk da abin da aka yi mata. Mama za ta ga ɗakinta a ciki. Ƙarami ne kuma, bai kai shafi ɗari ba a bugun da aka fi sani, ba zai gajiyar da idon da ya sha kuka ba.

Sai dai ki san wannan kafin ki biya kuɗi. Mijin Ramatu ya auri ƙawar 'yarsu, ya juya wa uwargida baya har ya koma ga Allah. Idan a gidanku akwai wani tsohon miki na kishiya da bai warke ba, littafin zai taɓa shi, a lokacin da Mama ke ƙoƙarin yafewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki fara karanta shi ke kaɗai, dare biyu sun ishe ki, sannan ki yanke shawara.

Idan Hausa ta fi kwanta mata, ki nemo Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar Hukumar Fassara ta 1933 ta haifar. Na san ta karanta shi a aji, wataƙila ma ta koyar da shi. Amma wadda ta karanta shi tana budurwa, labarin yaron da aka sace ya zama malami ta gani. Wadda ta karanta shi bayan ta haifa ta binne, uwar za ta gani: matar da ta bi sawun ɗanta ta ƙetare hamada, ta faɗa bauta, ba ta sa shi a ido ba sai dab da cikawarta. Ni a nan nake tsayawa kullum in share hawaye.

Akwai na uku da nake ƙauna, The Translator na Leila Aboulela 'yar Sudan, na 1999. Wata matashiya ce mijinta ya rasu a haɗarin mota a garin Aberdeen na Scotland, ta bar ɗanta a Khartum, ta shafe shekaru kamar ba ta raye, har zuciyarta ta sake buɗewa ga wani Baturen malamin jami'a, ita kuma ta tsaya a kan ba aure sai da kalmar shahada. Amma wannan ki adana shi sai ta fita takaba da daɗewa. 'Ya ta miƙa wa uwarta labarin sake aure tana cikin idda, ana iya fahimtarsa ta inda ba ki nufa ba.

Idan wani ya ce miki tuna mamaci da ƙauna rashin tawakkali ne, ki tuna masa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Wa zai koya mata tawakkali?

Anti, ƙanwata shekararta 19, tana da sikila. Ta turo min sunan wani littafi, A Walk to Remember na Nicholas Sparks, ta ce in saya mata. Da na bincika sai na ga labarin yarinya ce mai ciwon ajali. Gabana ya faɗi. In saya, ko in ce ban samu ba? Daga wani yaya a Kano.

Ka saya mata, ɗana, kuma kada ka yi mata ƙarya. Yarinyar da ta san kwanan asibiti tun tana ƙarama, ta san allura da ƙarin ruwa da ciwon ƙashi a lokacin hunturu, ba littafi ne zai fara sanar da ita cewa rai yana da iyaka ba. Ta daɗe da sani. Abin da ta rasa shi ne wanda za ta yi maganar da shi, domin duk sanda ta ɗauko ta sai a ce mata ta daina mugun fata.

Ga abin da ke ciki, don ka san me kake saya. Littafin ya fito a 1999. Labarin 'yar wani limamin coci ne a jihar North Carolina ta Amurka, a ƙarshen shekarun 1950, tana da sankarar jini, wani saurayi ɗan ajinsu ya so ta, ya aure ta yana sane. Imanin da ke cikinsa na Kirista ne, a fili yake, marubucin bai ɓoye ba. Babu batsa a ciki. A fim ɗin da aka yi a 2002 yarinyar ta rasu, a littafin kuwa marubucin ya bar ƙarshen a buɗe.

Ina so ka duba wani wuri. Kai mutuwar yarinyar ka gani. Ƙanwarka mai yiwuwa auren ta gani. Tambayar da ke cin 'yan mata masu sikila da yawa ita ce, shin akwai wanda zai so ni yana sane? Musamman yanzu da gwajin jini kafin aure ya zama doka a Kano tun 2024, kuma mun ga nema ya watse a ƙofar ɗakin gwaji. To, ka karanta littafin kai ma, ku yi hirarsa, ka samu hanyar gaya mata abin da likitoci suka tabbatar: sikila ba sankarar jini ba ce. Da kulawa, da shan ruwa, da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da magunguna irin su hydroxyurea ga wanda likita ya rubuta wa, masu ita suna karatu, suna aure, suna tsufa. Mai SS idan ta auri mai AA, babu ɗansu ko ɗaya da zai zo da SS. Cuta ba mutuwa ba ce.

Wanda zan ce ka guje masa shi ne irin labarin da na sha cin karo da shi a cikin namu na Hausa, inda ake ƙirƙiro yarinya mai sikila don kawai a kashe ta a littafi na uku, saurayin ya samu hanyar auren ƙawarta. Wannan ba tausayi ba ne, amfani ne da ciwon mutane don a sayar da hawaye.

Anti, ta yaya zan gane mai kyau kafin in biya? Yanzu rabin littattafan Hausa a waya ake sayarwa, a ba ka shafuka kaɗan kyauta, sauran sai ka tura kuɗi. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Ki yi amfani da shafukan kyautar nan, ki nemi inda ciwo ya fara shigowa. Marubuciyar ta san sunan cutar da yadda take kama jiki, ko kuwa tari ɗaya ne da jini a hankici, sai likita ya girgiza kai? Majinyacin yana da wata magana ban da wasiyya? Yana jin haushi, yana dariya, yana marmarin fura? Sai ki duba wa ake ɗora wa cutar. Idan kullum muguwar kishiya ce ke gamuwa da ciwon daji a matsayin sakayya, ki ajiye. Annabi Ayuba ya yi jinya mai tsawo, ba don laifin da ya yi ba. Littafin da ke koya wa mutane kallon mara lafiya da zargi yana ɓarna, ko da ayoyi nawa aka jera a ciki.

Wajen biya, ki tura wa marubuciyar kai tsaye ta lambar da ta sa da kanta, kada ki saya a hannun masu tura kwafin sata a WhatsApp. Ki tambaya ko labarin ya kammala kafin ki biya, kuma ko za a ba ki kwafin da zai zauna a wayarki, domin manhaja tana iya rufewa, kamar yadda OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023. Idan na takarda ne, daga masu saro su a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, ki sayi na ɗaya har na ƙarshe a lokaci guda, ki buɗe tsakiya ki duba ko shafuka sun cika, tawada ba ta dushe ba. Tunda kuna karatun Faransanci, littafin Mariama Bâ da na ambata a sama ki neme shi da harshensa na asali, Une si longue lettre.

Anti, wata biyu ke nan ina jinyar mahaifina a asibiti, ciwon daji ne, likitoci sun gaya mana gaskiya amma shi ba mu gaya masa ba. Dare yana min tsawo. Kuɗi duk sun tafi a magani. Akwai abin da zan karanta? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Sannu, ɗana. Allah Ya ba ka ladan jinya. Kada ka kashe ko sisi. Akwai gajeren labari na Leo Tolstoy, marubucin Rasha, mai suna The Death of Ivan Ilyich, wanda ya fito a 1886. Marubucin ya rasu tun 1910, don haka tsofaffin fassarorinsa na Turanci suna intanet kyauta, ta hanyar halal. Dare biyu ko uku za ka gama.

Ivan Ilyich, wanda labarin ke kansa, alƙali ne ɗan shekara 45, ya zame daga tsani yana gyaran labulen sabon gidansa, ya bugu a kwiɓi. Ciwo ya ƙi tafiya. Abin da ya fi ciwon damunsa shi ne kowa a gidan yana yi kamar zai warke: matarsa, 'yarsa, likitoci, abokan aiki. Mutum ɗaya ne bai yi masa wannan wasan ba, wani yaron gida ɗan ƙauye mai suna Gerasim, wanda ke kwashe masa bayan gida ba tare da ƙyama ba, ya ɗora ƙafafun maigidan a kafaɗarsa ya kwana a haka saboda ta nan kaɗai yake jin sauƙi. A sa'o'insa na ƙarshe, da ƙaramin ɗansa ya kama hannunsa ya sumbata yana kuka, sai tausayin iyalinsa ya kama shi, tsoron ya sake shi.

Littafin naka ne, ba na Baba ba, kada ka karanta masa. Yana da nauyi, akwai kwana uku na ihu a cikinsa, idan ka ji ya yi maka yawa ka rufe. Na ba ka shi ne saboda abin da ka faɗa a tsakiyar saƙonka. Mu mutanen “da sauƙi” ne, kuma kalma ce mai kyau, cike da kyautata zato ga Allah. Amma na yi jinyar yayata wata huɗu, kullum ina ce mata da sauƙi, sai daga baya na gane ta riga mu sani, tana yin shiru ne don kada ta tayar mana da hankali. Akwai bashin da take so a biya, akwai wadda take so ta nemi gafararta. Da ƙyar muka samu lokacin.

Ba na ce ka je gobe ka faɗa masa ba. Wannan shawara ce ta mahaifiyarku da manyan gida da likitansa. Amma idan wani dare ya kira sunanka ya fara maganar gona, ko bashi, ko ƙannenka, kada ka katse shi da “Baba ka daina faɗar haka”. Ka matso da kujera, ka riƙe hannunsa, ka ɗauko biro idan ya ce ka rubuta. Idan hawaye ya zo ka bar shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ce.