Ɗan shekara 14 da injin yankan ciyawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Amurka muke zaune. Ɗana mai shekara 14 ya matsa mini lamba in bar shi ya kama aikin hutu a wani kamfanin gyaran filayen gidaje, wai zai riƙa tura injin yankan ciyawa. Babansa ya ce namiji ne, a bar shi ya koyi nema. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Shin doka ta yarda?
Daga wata uwa

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Maigida ya yi gaskiya a batun nema, amma a batun inji ke ce da gaskiya. Dokar ƙwadago ta tarayya, wadda aka kafa a 1938, ta yarda ɗan 14 ko 15 ya yi aikin albashi irin su shara da kwashe ganye da ban ruwa, sai dai ta hana kamfani damƙa masa injin yankan ciyawa ko na datse shinge har sai ya cika 16. Zarto mai inji kuwa sai 18. Awannin ma a ƙayyade suke: 3 a ranar makaranta, 8 a ranar hutu, kada su haura 40 a makon hutu. Ko da mai kamfanin ya ce miki ba komai, tara zai biya in an kama shi, yatsun kuwa na ɗanki ne.

Filin gidanku daban ne, dokar ba ta shiga aikin da iyaye suka sa ɗansu a gida ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka dai ta ba da shawarar shekara 12 ga injin turawa, 16 ga wanda ake hawa. Idan zai yanke naku, ga abin da za ki sa wa ido: ɗanyar ciyawa ta cushe a ƙarƙashin inji, yaro ya sunkuya ya zura hannu zai zaro, alhali wuƙar ba ta gama juyawa ba. Tana zagayawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya, tsakuwa ma in ta ci karo da ita harbawa take yi. Ya kashe injin, ya zare wayar fulogi, sannan ya sa sanda. Rufaffen takalmi, ban da silifa, ƙannensa kuma su zauna a ɗaki har ya gama.

Ki kuma duba dokar jiharku, domin wasu jihohin sai da takardar izinin aiki, kuma in tasu ta fi tsauri ita ake bi.